Baba Hasan Mai Kwat

Duk wanda ya zauna beninmu a unguwar Thamesmead, nan Ingila, ya san Baba Hasan, Baturen nan Musulmi ɗan ƙasar Kuroshiya, wanda ƙofarsa ke kallon tamu. Kun kuma san ba a taɓa ganinsa ba kwat ba. Zafi ko sanyi, kwat a jiki, fasfo a aljihun ciki, akwati a ɗaure bayan ƙofa. Ko tuwo na zuba masa, a tsaye yake ci, ido na kan taga.

"Baba Hasan, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri!"

"Tukuna, Hajiya."

Iyakar Hausarsa ke nan, a bakin maigidana ya tsince ta a hanyar masallaci. Sauran da Turanci muke yi, nasa gurgu, nawa gurgu, amma muna gane juna tsaf.

Abin da ya hana shi sakat takarda ce. Lokacin da ya zo, 'yan ƙasarsu suna iya shigowa, amma aiki sai da izini, izinin kuma da sunan wurin aikinka yake. Ka bar wurin shekara ba ta cika ba, ka koma farko. Shi a gidan burodi yake, can wajen Aldwych, kullum gani yake gobe za a sallame shi a ce ya tattara ya koma.

Ranar da ya zame a matakala, ƙafa ta kumbura kamar doya. Na ce asibiti! Ya ce, "Hajiya, da hannu ake kwaɓa burodi." Kafin in juya ya zare sandar mofata ta goge ƙasa, ya dogara ya nufi tashar bas yana tsalle. Sai da ƙafar ta saɓe ya dawo min da sandar, duk garin fulawa a jikinta.

Da muka yi sabbin kujeru, muka kai masa tsohuwa ɗaya, don ɗakinsa katifa ce kawai da butar shayi. Ya zagaya ta, ya ɗaga, ya jinjina nauyinta.

"Ba za ta shiga jirgi ba."

Maigida ya ce, "Haba bawan Allah! Shekararka ta cika tuni, dokar ma an soke ta."

"Alhaji, wanda ya soke da safe, da yamma zai iya dawo da ita."

Washegari muka buɗe ƙofa, ga kujerarmu, da burodi mai zafi a kanta.

To ranar da aka ce Ingila ta fita daga Tarayyar Turai, wadda albarkacinta 'yan ƙasarsu ke shigowa, kowa ya yi jugum, sai ga ƙwanƙwasa kamar za a ɓalle ƙofa. Baba Hasan ne, baki har kunne. "Ban faɗa muku ba? Ban faɗa ba?" Wallahi ban taɓa ganin mutum na murna da masifar kansa haka ba!

Ƙarshe dai aka ba shi izinin zama na dindindin. Maigida ya nuna masa a waya. Ya juya wayar, ya leƙa bayanta.

"Ina takardar?"

"Babu takarda yanzu, tana cikin kwamfuta."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Nan ba a ɗauke wuta."

"Tukuna!"

Ni 'yar Kano ce, me zan ce?

Bayan 'yan kwanaki ya ce maigida ya raka shi wani wuri, za a yi murna. Mutumina ya zuba babbar riga, ya ƙi cin abincin rana, wai kar ya cika ciki. Suka hau wannan bas, suka sauka, suka hau waccan. Ina suka tsaya? Maƙabartar Musulmi! Baba Hasan ya shiga ofis ya kama wurin kabarinsa, ya fito ya buga ƙafa a kan ciyawar.

"Sun ce dindindin, ko? To bari in ga wanda zai tashe ni daga nan."

Maigida ya dawo da yunwa yana ta faɗa, ni kuwa har da hawaye don dariya. Kusa da ƙofa Baba Hasan ya zaɓa, wai kar gwiwar Alhaji ta sha wahala in ya zo ziyara.

Azumin bara aka kai shi can. Allah ka jiƙan baƙon nan namu, ka yalwata masa makwancinsa. Ya Rabbi, ya sha tsoron tambaya a duniya, ka sauƙaƙa masa ta kabari, ka bar shi ya huta. Amin.