Burudancin Malam Mamuda Gyartai

Duk wanda ya ci kasuwar Yankara a shekarun 1950 ya san Malam Mamuda gyartai. Can ƙarshen layin masu nono yake zama, gindin wata tsamiya, da basillarsa da zarensa da wuƙar zane, fasassun ƙore jibge a gabansa. Ɗinkinsa ba ya yoyo, wannan kowa ya shaida. Abin da mutane suka kasa yafe masa shi ne maganar da yake yi shi kaɗai in yana aiki, cikin wani yare da ba Hausa ba, ba Fillanci ba, ba Larabci ba. Kuma ba zuba yake yi irin ta taɓaɓɓu ba. Sai ya faɗi magana, ya yi shiru yana saurare, ya gyaɗa kai, wani lokaci har ya yi dariya. Wannan shirun shi ke tayar wa mutane tsikar jiki.

Masu baki suka ce da iskoki yake hira. Ƙarya suke yi, kuma da sun tambaye shi da ya gaya musu, don bai taɓa ɓoyewa ba. Da ƙanensa Harisu yake magana.

Suna samari suka bi ayarin fatake daga Faskari zuwa Garwa ta ƙasar Adamawa, a lokacin tana hannun Jamusawa. Can aka kama su aikin dako, suka yi shekaru suna ɗaukar akwatunan soja. Harisu kunne gare shi. Bai iya Jamusanci ba, kada a yi masa ƙarya; tsintar kalmomi ya riƙa yi yana lanƙwasa su yadda bakin Bakatsine zai iya ɗauka. Ɗan'uwa ya zama buruda, abinci burot, gida haim. Ya lura Bajamushe na raba sunayen abubuwa gida uku, bai gane dalilin rabon ba, sai ya yi nasa: abin da ke numfashi, abin da ake ɗauka a ka, da abin da ake tsoro, kowane gida da ɗan sautin da ake sa masa a gaba. Kalmar aiki kuma ya kai ta ƙarshen magana kamar yadda ya ji suna yi, dole ka jira mutum ya gama kafin ka san dukanka za a yi ko abinci za a ba ka. Suka sa wa abin suna Burudanci. Da shi suke zagin mai bulala a gabansa, da shi suke maganar gida.

Harisu bai tsaya nan ba, sai da ya yi wa yaren rubutu. Ya ɗebo wasu haruffan daga tambarin jikin akwatuna, wasu daga shaidar da ake yi wa jakuna, wasu daga sawun tsuntsu a bakin kogi. Da yake ba su mallaki komai ba sai ƙwaryar cin abinci, a jikinta aka haifi rubutun. Shi ya sa bai san dama ko hagu ba. Zagaye yake yi, ya fara daga bakin ƙwarya ya gangara har gindinta.

Da yaƙi ya ci Garwa, aka kora 'yan dako kudu da gindin bindiga. Harisu na kwance da kurkunu a ƙafa, ko tsayuwa ba ya iyawa, aka bar shi a wani zaure. Mamuda ya sulale a hanya ya dawo da baya, ya tarar zauren ya zama toka. Babu wanda bai tambaya ba, babu wanda ya ga Harisu a raye, babu wanda ya ga gawarsa. Ya dawo gida da wannan, kuma wannan ne ya cinye shi. Bai san ko ya yi wa ƙanensa sadakar mamaci ba, ko ya bar masa rabonsa na gona. Mahaifiyarsu ta rasu tana tambaya.

Shi ya sa ya kama sana'ar gyartai, ba don ya gada ba. Ya yi tunanin ƙwaryar Bafillatana na zuwa inda ƙafarsa ba za ta kai ba: ta bi shanu, ta shiga kayan aure, ta wuce daga uwa zuwa ɗiya. Duk ƙwaryar da ta biyo ta hannunsa sai ya zana mata magana guda a zagaye, da haruffan Harisu: buruda, ina kake, ni ina gida. Matan suka ɗauka ado ne, har suna cewa a yi musu irin na wance.

Shekaru suka tafi, amsa ba ta zo ba. Don kada yaren ya mutu a bakinsa, Malam Mamuda ya riƙa yin magana yana barin filin amsa, a hankali filin ya fara cika. Muryar Harisu yake ji, ta saurayi, da 'yar shaƙiyancinta, tana gyara masa in ya sa kalma a gidan da ba nata ba. Matarsa Baraka ta daɗe da daina tsoro. In ta ga hirar ta yi tsawo sai ta ce, "Malam, gaishe min da ƙanen naka, ka ce mashi tuwo na hucewa."

Wata ranar kasuwa da hantsi, wata Bafillatana mai suna Bilki ta sauke masa babbar ƙwarya tsohuwa, ta tsage daga baki. A lokacin idonsa ya yi rauni, da yatsu yake duba aiki. Ya bi tsagar da yatsa, sai ya ji zane. Ya ɗauka nasa ne na da. Ya ƙara shafawa, sai hannunsa ya tsaya cak. Shi harafin farko na buruda a miƙe yake yin sa. Mutum ɗaya ne a duniya ke karkatar masa da wutsiya, kuma sun sha faɗa a kan haka.

Ya bi zagayen a hankali, bakinsa na motsi. Buruda Mamuda. Na ga ƙwaryarka. Ina da rai. Ƙafa ta warke. Ina zaune a garin. Daga nan yatsansa suka faɗa kan santsi. Ya juya ƙwaryar, ya kai ta hasken rana, ya tofa yawu ya goga. Gindin fari fat, sumul kamar ba a taɓa sa masa wuƙa ba.

"Ɗiyata, zanen da ke nan ƙasa hwa?" in ji shi.

Bilki ta yi murmushi, don ta ɗauka yabo ne. "Ai Baba, mu ba mu barin ƙwaryar nono da dauɗa. Kullum sai na darje ta da yashi, haka innata ta yi, haka wadda ta ba ta. Ga gugar gammo, ga ta ƙasa. Zanen ƙasa tun ina yarinya ya tahi."

Ba a iya cewa ta yi laifi. Tsabta ce irin wadda ake yabon mace da ita, kuma da ita aka goge sunan garin.

Ya tambaye ta inda aka samo ƙwaryar. Ta ce innarta ta same ta wajen wata gwaggo, gwaggon kuma ta zo da ita daga gabas. Wane gari a gabas? Ta ɗaga kafaɗa, ta ce masu bin shanu ba su riƙe sunan gari, sai na rafi da makiyaya, kuma gwaggon ta daɗe da rasuwa. Ya roƙe ta ta bar masa ƙwaryar, ya ba ta sababbi duk yadda take so.

"Haba Baba, mi za a ce da ni? Ƙwaryar innata ce. Ba a saida ta, ba a kyauta da ita. Ɗinke min dai."

Ya ɗinke. Bai taɓa yin ɗinki a hankali irin wannan ba, kowane huji sai ya koma ya shafa haruffan. Da ya gama ya nemi izini ya ƙara mata ɗan ado. Can kusa da baki, inda yashi ba ya ci sosai, ya zana sunan Yankara, ya nutsa wuƙar iya zurfin da ƙwaryar za ta ɗauka. Bilki ta ɗora ta a kan gammo ta tafi. Ya bi ta da ido har ta shige cikin mutane, da ma idon ba nisa yake kaiwa ba.

Da la'asar ya koma gida ya gaya wa Baraka. Ta dafe ƙirji ta ce, "To Malam, yana da rai ko ya rasu?"

"Sadda ya yi zanen yana da rai," in ji shi. "Iyakar abin da na sani ke nan."

Ya zauna bakin rumbu, ya jawo wata ƙwarya kamar kullum, ya fara ba Harisu labari da Burudanci, yana murna yana kuka. Ya kai ƙarshen magana, ya yi shiru ya saurara. Babu komai sai kukan kurciya. Ya sake faɗa, ya sake jira. Nan ya gane abin da ya faru, kuma ya ji tsoron da bai taɓa ji ba ko a Garwa. Duk shekarun nan da saurayi yake hira, wanda ya bari kwance a zaure. Ashe saurayin ya tashi, ya yi tafiya, ya manyanta a wani gari, wataƙila har da furfura da jikoki. Muryar wannan dattijon kuwa, Mamuda bai san ta ba.

Ya ci gaba da zuwa kasuwa har ƙarshen rayuwarsa, yana shafa gindin kowace ƙwarya kafin ya duba tsagarta. Gonar Harisu bai yarda an raba ba, sadakar ma bai yi ba. Mutanen Yankara suka ce Allah ya yaye masa, iskokin sun rabu da shi, don ba a ƙara jin yana magana shi kaɗai ba. Baraka ce kawai ta san ba sauƙi ba ne. Wani lokaci takan kawo tuwo ta tarar da shi ya karkata kai yana saurare, sai ta ajiye akushin a hankali ta koma, ba ta aika gaisuwa wurin kowa ba.