Wasila 'Yar Mai Fawa da Karatun Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya san layin mahauta na Zango a Damagaram ya san Suma'ila mai fawa, ya kuma san matarsa Delu, mai dafa kai da ƙafa a wata baƙar tukunya a ƙofar gida. Wasila ce 'yarsu ta uku. Tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau babbaka ce aikinta: ta ɗora kan rago a wuta, ta kankare da wuƙa, ta wanke, ta miƙa wa uwarta. Ko sau uku ta wanke hannu da sabulu, ƙaurin yana nan.

Tana da shekara goma sha ɗaya wani makiyayi ya kawo wa ubanta rago mai wani irin ciwo. Ragon ba ya tafiya gaba, sai dai ya karkata kai ya yi ta zagaye wuri ɗaya har ya faɗi. Da aka yanka shi Suma'ila ya fasa kan, sai ga wata 'yar jakar ruwa kamar ƙwan kaza ta danne ƙwaƙwalwar daga gefe guda.

"Baba, mene ne wannan?" in ji Wasila.

"Ruwa ne ya shiga kansa. Jefa wa karnuka."

"To me ya sa hagu kawai yake juyawa, ba ya yin dama?"

Shekara talatin Suma'ila yana fasa kai, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Ya ce ta je ta tambayi mushensu na lakwal, wato malaminsu na makaranta. Mushe ya ce wannan ba ya cikin darasin bana. Wasila ta koma gida ranta a ɓace, daga ranar kuwa ba kan da ya ƙara wucewa ta hannunta ba ta leƙa cikinsa ba.

Karatu ya karɓe ta. Ta gama kwalej, ta shiga lise, inda 'ya'yan ma'aikata suka shinshino sana'ar gidansu suka sa mata suna Kai-da-Ƙafa. Ba ta kai ƙara ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki biro ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe a bangon kowane littafinta, kuma in aka kira ta da shi sai ta amsa da ƙarfi. Ba a yi wata biyu ba masu kiran suka gaji.

Da ta ci bak, jarrabawar gama lise, a 2003, maƙwabta suka yi ta kawo shawara: ta yi ungozoma ko koyarwa, shekara biyu ta fito ta kama aiki. Ita kuwa ta riga ta bincika, ta ji cewa a jami'a, a sashen kimiyyar halittu, ana koyar da ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Nan ta sa sunanta. Ta shiga kar, babbar motar fasinja, ta yi yini guda cur a hanya zuwa Yamai, da kilishin ubanta a ƙunshe cikin takardar siminti.

A shekara ta biyu ta haɗu da Madam Hadiza, mai koyar da darasin da ya kawo ta. Madam tana da wata ƙwaƙwalwar roba mai launi-launi da ake warewa gida-gida. Rannan Wasila ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, ta gaske ba haka take ba. Ba ta da ja da shuɗi, kuma in aka riƙe ta haka sai ta narke a hannu."

Aji ya fashe da dariya. Madam ba ta yi ba. Ta ce, "In kin san ta gaske, kawo mana."

Washegari da sassafe Wasila ta je abatuwar, wato mayanka, ta dawo da kawunan tumaki huɗu a bokiti. A gaban samari masu ɗaure wuya da karabat ta naɗe hannun riga, ta fasa ƙoƙon kai ba tare da ta taɓa abin da ke ciki ba, ta fito da ƙwaƙwalwa sumul ta ajiye a faranti. Biyu suka fita da gudu suna toshe baki. Sauran suka matso. Daga nan Madam ta ɗauka, tana nuna inda gani yake, inda motsi yake, da yadda saƙo ke gudu cikin jijiya kamar wutar lantarki. A wannan zangon ne Wasila ta sami amsar ragon nan: jakar ruwan ƙwan tsutsa ce, daga cikin kare take fitowa, ta bi ciyawa ta shiga dabba. Ta tafi telesantir ta kira shagon maƙwabcinsu, aka nemo mata ubanta. Ta ce, "Baba, kada ku ƙara jefa wa karnuka. Ku ne kuke mayar da ciwon nan cikin dabbobi." Suma'ila ya ce, "To, malama."

Amma a shekarar ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, fara kuma ta zo ta share abin da ya rage. Da Wasila ta dawo hutu a damunar 2005, ta tarar da garin ya canza. Dabbobi sun cika kasuwa, ƙashi da fata, ba mai sayen nama. Tukunyar Delu tana kife. Gidan kuwa ya cika da mutanen Tirmini, don Kawu Sallau, wan Delu, ya kwaso iyalinsa bayan ya sayar da shanun nomansa. Anza, 'ya'yan wani itacen daji, ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a ci.

Cikin baƙin akwai Bintu, 'yar Kawu Sallau, sa'ar Wasila. Tare suka yi wasan ƙasa a gona suna yara. Yanzu Bintu na zaune ita kaɗai a bayan rumbun da ba komai a ciki, da ƙwaryarta daban, da moɗarta daban, ga tabon ƙuna tun daga gwiwar hannu har wuya. Farfaɗiya ce ta kama ta, mijinta ya sallame ta. An ce iska ce, an ce kuma wanda yawunta ya taɓa ya ɗauka.

Kwana uku da zuwan Wasila, da la'asar, Bintu ta zo wucewa ta gefen murhu sai ta yi wata ƙara ta zube, jikinta na fizga. Kafin ka ce me tsakar gida ta watse, uwaye na janye 'ya'yansu. Wasila ta yi tsalle ta ja ta daga bakin wuta, ta juya ta a kan gefenta, ta cire ɗankwalinta ta tura ƙarƙashin kan.

"Ke, sake ta!" in ji Kawu Sallau daga zaure. "Za ki kwaso wa kanki!"

Ba ta ko waiga ba. Ta riƙe har fizgar ta lafa, Bintu ta buɗe ido tana kallon sama kamar wadda ta dawo daga tafiya mai nisa. Sannan Wasila ta miƙe, ta taka har gaban kawunta, ta nuna masa hannunta jiƙe da yawu.

"Kawu, ga shi nan. Ku sa mini ido, ku ga ko zan faɗi."

"Karatun nasara ya cire miki tsoro da kunya."

"Kunya tana nan, Kawu. Tsoron ne na ga ba shi da tushe. Ciwon nan a ƙwaƙwalwa yake. Saƙonnin da ke tafiya bi da bi ne suke tashi gaba ɗaya lokaci guda, sai jiki ya ruɗe. Ba ya bin yawu, ba ya bin ƙwarya. Ban hana ku addu'a ba, ni ma ina yi. Amma akwai magani."

"A kan tumaki kika koyo wannan?"

"A kansu na fara."

Da aka raba abinci, Wasila ta ɗauki rabonta ta juye a ƙwaryar Bintu, ta zauna suka sa hannu tare. Delu ta dafa ƙirji ta kira sunanta. Kawu Sallau ya ce wa Suma'ila ya tsawata wa 'yarsa. Suma'ila, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ce, "Yaya, ni fawa na sani. Abin da ke cikin kai kuwa, yanzu ta fi ni." Bintu ba ta ci da yawa ba ranar. Hawaye ne suka hana ta.

Da safe Wasila ta kai ta likita. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya saurari bayani, ya rubuta wata 'yar ƙwaya fara da za a sha kullum ba fashi. Ƙwayar tana sa barci, a cikin da ba abinci kuwa tana sa jiri. Don haka Wasila ta nemi aiki a wani furoje mai ciyar da yaran da yunwa ta kama, inda ake neman masu jin faransanci, kuma ana ba ma'aikata hatsi. Wata uku tana auna yara a sikeli, tana ɗaura musu tsirin awo a dantse. Amma ita ba nauyin kaɗai take dubawa ba. Takan motsa yatsa a gaban idon yaro ta ga ko zai bi. Da yawa ba sa bi. Wasu sun shekara biyu ba su ce uffan ba. Ta sayi ƙaramin littafi tana rubuta abin da ta gani, ba wanda ya sa ta.

Da kaka ta matso, shugaban wurin, wani mai suna Tanimu, ya kira ta ya ce za su riƙe ta aiki na dindindin. Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar ana murna, har Kawu Sallau ya saki fuska.

Ta ce ba za ta karɓa ba.

Delu ta ce, "Wasila, dubi gidan nan. Dubi ƙannenki. Littafi za mu dafa?"

"Inna, zan tsaya har a yi girbi, ba zan tafi in bar ku hannu wofi ba. Amma yaran nan da nake aunawa, sikeli ba ya gaya mini abin da yunwa ta yi wa kansu. Wani ya kamata ya sani. In na zauna, na zauna ke nan."

"Wanin nan dole ke ce?"

"Ni ce na fara, Inna."

Ta cika alkawari, ta tsaya har sabon gero ya shigo. Ranar tafiya Delu ba ta raka ta tasha ba. Bintu ce ta ɗaukar mata jaka. Ta isa Yamai an yi nisa da darasi, ta faɗi jarrabawa, ta maimaita shekarar. Ba ta ɓoye wa kowa ba. Kawu Sallau ya ce ai ga sakamakon taurin kai, ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwarta. Ita ma Delu sai da aka daɗe kafin ta huce.

Wasila ta gama digirinta na lisans, ta dawo Damagaram. Ba ta zama babbar likita ba, ba ta zama farfesa ba. Kimiyya take koyarwa a wata lise, ranar da ba ta da aji kuma takan bi wani majo zuwa Dogo ko Gidimuni, su nemo masu farfaɗiya da aka ɓoye a ɗaka. Wani gidan a karɓe su, wani a rufe musu ƙofa, su dawo wani mako. Bintu ta koma Tirmini. Ba ta warke sarai ba, amma faɗuwar da take yi kowane mako ta koma sau biyu ko uku a shekara, har tana zuwa gona. Kawu Sallau har gobe cewa yake rubutun wani malami ne ya yi aiki, sai dai kuma shi ne ke hawo mota ya zo gari karɓar ƙwayar in ta kusa ƙarewa.

Sau uku Wasila tana neman gurbin ƙarin karatu a waje, a kan yunwa da ƙwaƙwalwar yara, sau uku ana ba ta haƙuri. Da amsa ta uku ta zo, wata abokiyar aikinta ta ce ta haƙura haka nan, shekaru sun ja, ga aure ga 'ya'ya biyu. Wasila ta ninke takardar ta sa a jaka, ta tambaye ta ko ta san ranar da za a rufe karɓar takardun neman gurbin na bana. Aka ce saura mako uku. Ta ce ya isa, ta shiga aji.