Ƙarar da Yaya Bai Ji Ba

Yayana bakanike ne, ni kuma gyaran wayoyin lantarkin mota nake yi, kuma gareji ɗaya muke tun ina da gashi a ka. Shi ke da rumfar gaba mai ramin duba ƙasan mota, ni aka tura ni lungun baya kusa da mai walda, inda tartsatsi ke huda mini riga. Ban taɓa yin ƙorafi ba, sai dai kowace safiya.

A layinmu babu mai kiran Yaya da sunansa, Kunne ake ce masa. Tun yana saurayi ya samo sunan. Wata rana yana zaune a bakin titi wata babbar mota ta zo wucewa, ya tashi ya bi ta da gudu, ya ce wa direban ya tsaya, boris ɗin tayar baya ya kusa cinyewa. Direban ya zage shi tas ya wuce. Ba a yi awa guda ba aka jawo motar da sarƙa. Daga ranar Yaya ya yi suna, mu kuma daga ranar muka rasa sukuni, don na ji labarin nan ya fi sau dubu, kuma duk shekara motar sai ta ƙara tsawo.

Amma gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya. Yana da wata doguwar sukundireba mai mariƙin katako. Sai ya ɗora bakinta a jikin inji, ya danna mariƙin a bayan kunnensa, ya lumshe ido. A lokacin ko tari ne ya taso maka sai ka haɗiye abinka. Yana kuma da doka guda: babu wanda zai faɗi abin da ya ji a mota kafin shi ya faɗa. Mai walda ya taɓa yin suɓutar baki ya ce, "Kamar bel ne ke kuka." Bel ɗin ne kuwa. Wata biyu Yaya bai amsa gaisuwarsa ba. Da ya yi kuskure ma da an yafe masa tun a ranar.

Haka ya rayu. Bai kafa allo a bakin gareji ba, bai buga kati ba, bai gina wani gidan a zo a gani ba. Ya aurar da 'ya'yansa mata uku, ya sayi babur ɗin da yake ƙin gyarawa, shi ke nan. Abin da ya tara a duniya sunan nan ne. Mutane na tsallake gareji goma su zo wurinsa, don an ce akwai wani tsoho da mota ke yi wa magana.

To, shekara uku da suka wuce kunnen Kunne ya fara tafiya.

Matarsa ce ta fara ganewa. Ta ce mini rediyonsa ya hana maƙwabta sakat, in ta kira shi daga kicin sai ya ce ta koyi magana ƙasa-ƙasa da tsufanta. A gareji kuma na lura ya koma kallon bakin mutane in suna magana, in ka juya masa baya sai ya ce "Haka ne" ko me ka faɗa. Na sani, mai walda ya sani, har mai facin taya na tsallaken titi ya sani. Babu wanda ya ce uffan. Wa zai tunkari Kunne ya ce masa ba ya ji?

Kuma asiri ya rufu, don shekara arba'in ba wasa ba ce. Yawancin motoci ciwonsu ɗaya ne, ido da hanci sun ishe shi. In na ga zai kauce, sai in yi kamar sifanata ce ta faɗi kusa da inda matsalar take, in sunkuya in daɗe ina nema. Shi kuma sai ya lumshe ido ya gano wurin da kansa. Kullum a tsorace nake, don na san ranar da aka gane, ba aiki kaɗai zai rasa ba.

Sai ga Likita da jif ɗinta. Likitar dabbobi ce, mace mai kazar-kazar, gonaki take zagayawa tana duba shanu. Jif ɗin tsohuwa ce tukuf, irin mai ƙaramin sandan giya a gefen babban. In ka ja ƙaramin, ya kamata tayoyin gaba su kama su ja tare da na baya. Ogzilari muke ce wa wannan.

"Baba, ogzilarin ne ya daina shiga," in ji ta. "Ina jan sandan, koriyar fitila ta kama a gabana, amma da na shiga taɓo tayoyin baya kaɗai ke juyawa. Sau biyu tarakta na ciro ni. Ga ruwa ya fara sauka, ga allurar shanu tana jirana. Kuma akwai wani abu da take yi in na..."

Yaya ya ɗaga mata hannu. "Likita, ke ma saniya ba ta faɗa miki ciwonta da baki. Bar ni da ita."

Ta yi dariya ta miƙa makulli ta tafi. Da ya bar ta ta ƙarasa maganarta, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Bayan garejinmu akwai wani kwari mai yashi inda muke gwada irin waɗannan motoci. Na shiga na ja sandan, fitila ta kama, na nufi yashin na taka totur. Tayoyin baya suka fara haƙa rami. Nan take daga tayar gaba ta hagu muka ji ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, siririyar ƙara mai kaifi. Mai walda ya kalle ni, na kalle shi. Ko ni da aikina waya ne na san wannan. A tsakiyar kowace tayar gaba akwai wani makulli mai haƙora, hob, shi ke kama taya ya haɗa ta da shaf, ƙarfen da ke juya ta. In na gefe ɗaya ya ƙi kamawa, duk ƙarfin can yake tsiyayewa, shaf ya yi ta juyawa a banza, haƙora na zamewa suna wannan kukan. Noti shida ne a kwance, aikin rabin awa.

Yaya ya durƙusa a tsakiyar motar, ya ɗora sukundirebarsa a ƙasan giyabos, ya lumshe ido. Gurnani mai kauri yana jin sa ta ƙashi, siririyar ƙara ce ta ɓace masa. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Ƙaramin giyabos ne. Sarƙar ciki ta saki."

Mai walda ya buɗe baki, ya tuna wata biyun nan, ya rufe abinsa.

Kwana biyu muka yi muna sauke ƙaramin giyabos, mu uku, duk da ciwon bayanmu. Aka buɗe, sarƙa lafiya lau, sai ƙyalli take. Yaya ya juya ta a hannu ya ce lafiyar ido ce kawai, a sa sabuwa. Aka sa, aka mayar, aka koma yashi. Ƙas-ƙas-ƙas.

Sai laifi ya dawo kaina. Ya ce fitilar ce ke ƙarya, tana kamawa alhali giya ba ta shiga ba, kuma fitila aikina ce. Na bi waya ɗaya bayan ɗaya, na cire makunnin na gwada a gabansa. Fitila gaskiya take faɗa. A duk garejin ita kaɗai ce ke faɗar gaskiya a satin nan. Daga nan ya koma kan sandan giyar, ya ce ya sassauta, aka ɗaure. Ya kwance farfelar gaba, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin gaba, ya mirgina ta a ƙasa ko ta lanƙwashe. Ya canza man giya, ya shinshina tsohon har sau uku.

Ni kuma na yi duk dabarun da na saba. Na yar da sifana a gindin tayar hagu har ta gaji da faɗuwa. Na ajiye gwangwanin giris a kan tayar, ya ɗauke ya ce in daina barin kaya barkatai. Na ɗauko alli na ja layi a farfela da taya, don in an tayar ya gani da idonsa wanne ke juyawa wanne ke tsaye. Ya goge da tsumma.

"Alli na 'yan makaranta ne, ƙanena. Ni ji nake yi."

A kwana na shida mai walda ya ja ni gefe. "Haba, ɗan'uwanka ne fa. Dubi yadda ya faɗa. Ka gaya masa mana."

"Kai ba ka da baki?"

"Ni na taɓa ɗanɗanawa."

Ya rame kuwa. Ya daina cin abincin rana, ya daina ba da labarin babbar mota. Sai ya zauna a bakin rami ya zuba wa jif ɗin ido. Na ji tausayinsa har cikin raina, kuma na ji tsoronsa. Amma tunda na ɗauko faɗar gaskiya bari in ƙarasa: akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ke jin daɗi. Shekara talatin ana nuna mini ni ba na jin komai, yau ga ni ina ji shi ba ya ji. Allah ya yafe mini, wannan daɗin ya taimaka wajen rufe mini baki.

Ranar kwana na tara da hantsi Likita ta dawo a bayan babur, takalmanta duk taɓo. Fuskarta ba wasa. Ta ce shanu biyu sun kwanta a wata gona da babur ba ya iya kaiwa, ita dai a gwada motar a gabanta ta ga inda aka tsaya. Muka ɗunguma zuwa kwarin. Mai faci ma ya tsallako, da wasu direbobi biyu da ke jiran aiki. Na ja sanda, na taka. Ƙas-ƙas-ƙas.

Likita ta juyo ta fuskanci Yaya sosai, yadda babu abin da zai ɓace masa a bakinta.

"To Baba, ita wannan ƙarar fa? Har yanzu ba a taɓa ta ba?"

"Wace ƙara?"

Wallahi na so yashin nan ya haɗiye ni da motar gaba ɗaya. Ta nuna tayar hagu da yatsa. "Wannan mana. Ita na so in gaya maka tun ranar farko."

Yaya ya dubi tayar. Ya dubi mai walda, mai walda ya sunkuyar da kai. Ya dubi mai faci, shi kuma ya kama kallon sama. Sannan ya dube ni ta gilashi, ya daɗe. Ya ajiye sukundirebar a ƙasa, ya je ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar tayar da ke tsaye cak, ya yi mini alama in taka. Na taka. Na ga kafaɗarsa ta ɗan motsa lokacin da bugun ya shiga hannunsa.

Sai ya ce, "Kawo sifana sha biyu."

A nan cikin yashin ya kwance notin shida. Giris ɗin ciki ya bushe ya daskare kamar tsohon sabulu, ɗan sifirin da ke tura haƙoran ya karye biyu. Ya wanke da fetur, ya tono wani sifirin a akwatin tarkacensa, ya shafa sabon giris, ya ɗaure. Ya yi mini alama in gwada. Na ja sanda, jif ta yi tsalle ta fice daga ramin da tayoyi huɗu. Babu wanda ya yi tafi.

Likita mutuniyar kirki ce, sai dai ta saba da marasa lafiyar da ba sa jin kunya. Ta karɓi makulli, ta ɗaga murya don ya ji, ta ce, "Baba, ka je a duba maka kunnen nan. Yanzu akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa, ba a ma ganinta." Direbobin nan biyu suna tsaye suna ji. Yaya ya ce ya gode, Allah ya kiyaye hanya.

Da aka watse na same shi a bakin durom yana wanke hannu. Ya ɗago ya kalli bakina.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko da aka kawo ta, Yaya."

"Ba motar nake tambaya ba."

Na ce, "Shekara uku."

"Su wa suka sani?"

"Kowa."

Ya gyaɗa kai, ya juya mini baya ya ci gaba da cuɗa hannunsa. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa da furfurar da ban lura ta yi yawa haka ba. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ka yafe mini."

Bai juyo ba. Na ɗauka fushi ne, har na fara ja da baya, sai na gane ba fushi ba ne. A hankali na faɗa, kuma a bayansa.

Na zagaya na tsaya a gabansa, durom a tsakaninmu. Na buɗe murya iya ƙarfina, ni da furfurar gemuna, na ce, "Yaya, na cuce ka! Ina ji na yi shiru! Ka yafe mini!" Mai walda ya kashe injinsa. Mai faci ya miƙe tsaye daga tsallake. Har mata masu wucewa suka tsaya suna kallonmu.

Yaya ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ka san wani abu, ƙanena? Cikin shekara ukun nan, wannan ce magana ta farko da na ji daga bakinka tun daga farkonta har ƙarshe."

Ya miƙo mini sabulun, don ni ma hannuna duk giris ne.