Saiwar da Aka Bar Mini a Baki

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, haƙorina na can ƙurya, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, ya hana ni tauna. A asibitin mishan da ke wajen Madawa, likita ya duba hoton muƙamuƙina, ya ce saiwar ta kwanta a kan jijiya, in ya tumɓuke ta leɓena na iya mutuwa. Sai ya yanke kan haƙorin kawai, ya ɗinke dasashi a kan saiwar.

Da na koma Tabotaki, kawuna ya ce in nuna masa haƙorin. Ya jujjuya guntun a tafinsa.

"Ɗana, ko ragon manomi ba ya sare kan ciyawa ya bar saiwa. An cuce ka."

Da nasa ya tashi ciwo, wajen wani wanzami ya tafi a kasuwar Buza, aka ciro shi ɗungurungum da awartaki. Ya yi sati yana nuna wa mutane.

Har yau yana yi mini wa'azin cikakken aiki, fura na gangarowa daga leɓensa zuwa gemu bai sani ba. Ni nake miƙa masa tsumma.