Ranar da Angon Inna Ya Shiga Ɗakinta

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, hantsin da ɗana ya shiga ɗakin Inna da rarrafensa ba zai fita daga raina ba. Shekaru sun ja, yaron har ya fi ni tsawo, amma in na rufe ido ina jin ƙarar ludayinsa a kan daɓen ɗakin nan.

A wani ƙauye muke a bayan Anka, a gidan iyayen mijina. Inna mahaifiyarsa ce, amma ni ban taɓa jin ta a matsayin suruka ba. Ɗakina yana gabas, nata yana yamma, a tsakani ga rumfar kara da turmi, ga ɗakin hatsi, ga zaure. A shekarun da haƙar zinariya ta shigo mana, a tsakar gidan nan ake daka duwatsun da maza ke kawowa daga rami, ba wanda ya san akwai gubar dalma a cikin ƙurar. 'Yata ta fari a ƙasar nan ta koyi rarrafe, kuma ba ta kai yaye ba Allah ya karɓi abinsa. Daga baya aka zo aka kankare ƙasar gidajenmu kaf, aka zuba sabuwa, aka ce yara su yi wasansu, a dai riƙa wanke musu hannu. Na ji da kunnena, amma zuciyata ba ta yarda ba.

Da na haifi wannan yaron sai na sa mijina ya shafe mini ɗaki da siminti. A nan yaron ya koyi zama, a nan ya fara rarrafe. In zan fita, yana bayana a goye. Ƙafarsa ba ta san wata ƙasa ba sai ta ɗakina. Cikin ɗakin kuwa sarki ne: ya ja kwanuka, ya cinye bakin wata tsohuwar tabarma, ya yini yana buga wani fasasshen ludayi. Amma da ya iso dokin ƙofa sai ya tsaya cak. In kuwa aka sauke shi a wani ɗakin, kukan da zai yi har maƙwabta sai sun leƙo.

Inna a lokacin ciwon ƙafa ya kwantar da ita, iyakarta bakin ƙofarta. Kamar yadda kakanni ke yi da jikokinsu maza, mijinta take kiransa. Kullum da safe sai ta ɗaga murya daga ɗakinta, “Wanga wane irin miji na? Ya aure ni ya ƙi taka ɗaki nau. In ba shi so na, shi sallame ni in san inda za ni!” Mu yi ta dariya.

Wata rana na kai mata kunu, sai ta riƙe hannuna, babu wasa a fuskarta. Ta ce, “Ɗiyata, ƙahwahun ga ba su tashi kuma. Ba ni son in tahi yaron ga bai san hannuna ba.” Na koma ɗaki na yi kuka mai isata.

Mijina mutum ne mai son a yi a gama. Ya sayo biskit a kasuwar Anka, ya sunkuci yaron ya dire shi a gaban Inna, wai in ya gaji da kuka zai yi shiru. Ina! Yaron ya yi jifa da biskit ɗin, ya tsala ihu har ya shiɗe, sai da aka yayyafa masa ruwa. Inna da kanta ta ce a ɗauke shi. Na ga ta juya fuskarta bango.

Mafita ta zo ne ta hannun wata Bafillatana da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Gwashi. Ta sauke ƙwaryarta a rumfa, ta ji labari, ta ƙyalƙyale da dariya. Ta ce, “Mu in munka yi ƙaura munka sauka sabon wuri, dangwali mukan hwara ɗaurewa.” Dangwali shi ne doguwar igiyar nan da suke ɗaure maruƙa a jere. “Maraƙi in ya sansani igiya tai, ko daji wane iri na sai shi kwanta. Shi wanga maraƙin naki, ina igiya tai?”

Na ce tabarma ce da ludayi.

Ta ce, “To ki tahi da su. Kuma ke ma ki zamna. Saniya in tana tsaye tana huci, ɗanta ba shi kwanciya.”

Inna ta amsa daga ƙofarta, “Hwaɗa mata dai! Ta aje shi ta tsaya bisa kai nai awa shirwa.”

Na ji kunya, don gaskiya ce. Ko a ɗakin Inna aka sauke shi, a tsaye nake, hannuwana a miƙe, ina jiran ya taɓa ƙasa in fizge shi. Yaron kuwa fuskata yake fara duba kafin ya dubi ɗaki.

Washegari na ja tabarmar zuwa bakin ƙofata, rabi a ciki rabi a waje. Na zauna a kai ina ɓarar gyaɗa kamar ban san da shi ba. Ya yi ƙorafi, ya hau cinyata, ya sauka, can sai na ji ludayi ya fara aiki. Da ya saba sai muka matsa rumfa. Daga rumfa muka koma ɗakin hatsi, inda ya gano cewa buhun gero yana da daɗin duka. Zaure ya fi ba mu wahala saboda muryoyin maza, sai da muka koma baya muka sake farawa. Ba kullum ake cin nasara ba. Ranar da bai yi barci ba ko yunwa na damunsa, ko tabarmar ba ta ceton mu.

Abin da ya fi mini wuya ba kukansa ba ne. Ranar da ya miƙa hannu ya wuce bakin tabarma ya damƙi ƙasar tsakar gida, sai fuskar yayarsa marigayiya ta faɗo mini a rai. Na yunƙura, sai na ji muryar Inna a hankali, “Zamna, ɗiyata. Ƙasag ga sabuwa ta. Ni ma jika nar rasa, ba ke kaɗai ba.” Na zauna. Na bar shi ya watsa ƙasarsa ya yi dariya, sannan na ɗauko buta da sabulu na wanke masa hannu. Tun rasuwar 'yata, ranar ce na fara zama a tsakar gidan nan da nauyina duka.

Da damina ta kankama, tabarmar ta kai inuwar bangon Inna. Wani hantsi na bar shi a kai na juya ina shanya. Ina waigowa, tabarma wayam. Na duba bakin randa, na leƙa zaure, har na buɗe baki zan yi kururuwa, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga ɗakin Inna.

Na leƙa. Yana zaune a tsakiyar ɗakin, ba tabarma ba ni, yana buga ludayinsa. Sai ya dafa gadon Inna ya miƙe, ya kama yatsanta ya kai baki. Inna ta ɗaga mini ɗayan hannun, hawaye na bin kuncinta, ta ce ƙasa-ƙasa, “Yi shiru, kak ki korar min baƙo. Ango ya taho. Dibi lehwe nai, ludayi guda, shi ma hwasasshe!”

Na zauna a dokin ƙofa ina dariya ina kuka.

Daga ranar ɗakin Inna ya zama nasa. A can yake cin tuwo, a can yake barcin rana, a jikin gadonta ya yi takunsa na farko. Ba a gama shigar da gero ba Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ya daɗe yana zuwa ya ɗaga labulenta ya leƙa.

Yanzu yana makarantar kwana a Gummi. Ranar da zai tafi ko waiwaye bai yi ba, ni ce na tsaya a zaure ina share ido. Ɗakin Inna ya koma wurin ajiyar buhuna, amma ludayin yana nan a rataye a bayan ƙofa, na hana kowa taɓa shi.

Abin da na koya shi ne, ba a cusa yaro a sabon wuri da ƙarfi. A tafi masa da abin da ya sani, a matsa kaɗan-kaɗan, kuma uwa ta fara zama kafin ta ce ɗanta ya zauna. Da na ci gaba da tsayuwa a kansa, da Inna ta tafi bai san hannunta ba.