Goggon amarya a bakin murhu

Ummusalama ta shekara ashirin da ɗaya tana yi wa masu yankan riɗi kisra, wato wainar dawa mai faɗi marar kauri, a kambon leburori da ke bayan Ƙala'at an-Nahal. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. In la'asar ta yi, tarakta ta yi shiru, takan zuba wa gonar dawa ido har ta koma mata kamar kogi, tana lazimi tana tuna ƙaninta Jibrin.

Ita ta goye shi. Allah ya buɗa masa, ya mallaki manyan gonaki, ya yi gidan bene a Gadarif, ya auri 'yar attajirai, ya ajiye Hausa. Rabonsu da juna shekara goma sha biyu.

A bakin direban lori ta ji za a aurar da 'yarsa Asiya. Ba a gayyace ta ba. To amma a gidansu goggo ce ke fara sa wa amarya lalle, ita kuwa ba ta so bare ya riga ta. Ta daka lallenta, ta ƙulle a bakin mayafi, ta hau lori.

Gidan kamar a mafarki. Hayaƙin turare na yawo, mata na wucewa da zinariya har gwiwar hannu, ba ka jin takunsu. Matar Jibrin, da ba ta taɓa ganinta ba, ta dubi tabon wuta a yatsunta, ta ce da Larabci, "Kin makara, ya hajja. Masu kisra suna baya."

Ba ta musa ba. Ta je ta zauna bakin murhu, ta kama shafa ƙullu.

Can Jibrin ya leƙo duba abincin maza. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Jibo, ka yi ƙiba."

Masu aiki suka juyo. Ya dubi ƙofa, ya dube ta.

"Yaya, nan suka ajiye ki?" Hausar tasa har tana sarƙewa.

"Nan na iya ai. An sa wa amarya lalle?"

"Tukuna. Mai zanen lalle suka ɗauko daga Hartum."

"To mai zanen ta jira."

Bai kai ta gaban baƙi ba. Asiya ya kawo, ta ƙofar baya. Ummusalama ta kwaɓa lallen a murfin kwano, ta yi bismilla, ta ɗora a tafin yarinyar.

"Wace ce, Baba?" in ji Asiya da Larabci.

Ya dubi garwashi.

"Goggonki ce," ya ce, a hankali.