Makulli a Bakin Zane

Shekarar da na fara acaɓa tsakanin Ikara da Malikanci, akwai wata dattijuwa Kirista mai dafa burkutu a bayan gari. Ban taɓa taka gidanta ba. Wata Lahadi bayan azahar ta tare ni a hanya, ta ce, "Ɗana, ba ni lambar wayarka."

Na dube ta da mamaki.

"Ba sha zan ba ka ba. Mutane nake so ka riƙa kai mini gidajensu."

Ashe ƙanenta ne ya taɓa tashi daga rumfarta a buge, ya faɗi da babur, ya karye a cinya. Tun daga nan duk wanda ya zo da babur sai ya miƙa mata makulli ta ƙulle a bakin zane kafin ta ɗebo masa ko ƙoƙo ɗaya.

Na kai maganar wurin mahaifina. Ya daɗe yana gyara ƙotar fartanya, sannan ya ce, "Kada ka sha, kada ka yi dakon burkutun. Amma hanyar da bugaggen zai bi, ita ƙannenka ke bi zuwa Islamiyya. Tsaya daga waje ka ɗauke shi."

Na koma na ba ta lambar. Wanda na fara ɗauka wani ƙaton manomin rake ne. Na tarar yana ta masifa. "Mama, ba ni makullina! Ni yaro ne?"

"Na ce ya isa haka," in ji ta. "Ka ci tuwo, ka sha ruwa, ga mai kai ka gida. Babur sai gobe."

Ya hau yana zagina. Kafin mu kai kwalbatin gari ya yi barci a bayana, sai da na riƙe hannunsa a cikina, muna tafiya a hankali. Matarsa ta fito ta gan mu, ta koma ta kawo mini ruwa a kwano.

Washegari na mayar da shi. Kansa a ƙasa ya ce, "Mama, ina kwana." Ta kwance makullin ta ba shi, ba ta yi masa gori ba.

Daga baya da ƙafa yake zuwa. Kafin damina ta faɗi, wasu mata biyu masu irin sana'arta su ma sun karɓi lambata, ɗayarsu daga can wajen Gazara.